Tun Ran Gini, Tun Ran Zane



Ba mu manta da Nuwamban 2018 ba, lokacin da mota ta kaɗe wata ɗaliba har lahira a babban titin Madina zuwa Adenta. An buɗe titi, amma an bar gadoji shida na masu tafiya a ƙasa ba a kammala ba. Sai da matasa suka tare hanya, suka ƙona tayoyi, sannan aka koma aiki.

Yau ga benaye suna tashi a kewayen zangonmu, kowanne da shagunansa da motocinsa. Ba ma ƙin gini, domin 'ya'yanmu ma suna neman ɗakin haya. Sai dai kafin majalisar La Nkwantanang-Madina ta sa hannu a takardar izini, ya kamata ta tambaya: ina mazauna za su ajiye motocinsu? Ta ina ɗan makaranta da dattijo mai zuwa sallar asuba za su bi?

Addininmu ya koya mana cewa hanya tana da haƙƙi. Muna roƙon sarakunan zango da limamai su nemi ganin taswirar kowane gini tun tana takarda, tare da wakilinmu na majalisa. Ƙorafi bayan jana'iza ba ya dawo da rai.

Allah ya tsare mana zuri'armu.