ZAMAN IYALI: Ranar da Mai Saye Zai Zo Duba Gida

A wannan wata muna so mu yi magana da 'yan'uwa waɗanda suke shirin sayar da gida. Wani an yi masa canjin wurin aiki, wani ya gama aikin gwamnati yana so ya koma garinsu, wata kuwa maigidanta ya rasu, ga kuɗin makarantar yara ya taso. Ko mene ne dalili, ranar da dillali zai kawo mai saye babbar rana ce, gama abin da mutum ya fara gani, da shi zai koma gida. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mai saye yakan soma yanke shawara tun bai yi sallama ba. Saboda haka mu fara daga waje. A share ƙofar gida, a kwashe juji, a nome ciyawar gindin katanga, a yashe kwata don kada wari ya riga mu tarbar baƙo. A tsakar gida kuma a ɗaure awaki, a kulle kaji, a kwashe shanya. A rage tarkace a ɗakuna, a buɗe tagogi, domin ɗakin da aka cunkushe da kaya yakan zama ƙarami a ido. Uwargida ta sani akwai wuri biyu da matar mai saye ba za ta tafi ba sai ta leƙa su, wato ɗakin girki da bayan gida. A wanke su sarai. Idan baƙin sun iso a ba su wurin zama da ruwan sha, kada a bi su da surutu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma a nan ne jaraba take. Gyara daban, ɓoyewa daban. Wanda ya canza kwanon da yake yoyo sa'an nan ya shafa fenti, ya yi gyara. Wanda ya shafa fenti a kan tabon ruwa da rani, ya bar kwanon yadda yake, ya yi ƙarya ko da bai buɗe baki ba. Haka kuma wanda ya jawo kabad ya rufe tsagar bango, ko ya yi shiru a kan katakon da gara ta cinye, ko rijiyar da takan ƙafe da bazara. Ruwan Agusta zai tona kome. A ranar kuwa mai gidan ba sunanmu kaɗai zai ambata ba. Zai ce wa maƙwabta, “Kirista ne ya sayar mini.” Mu tuna da Hananiya da Safiratu a cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Filin nasu ne, ba wanda ya tilasta musu su sayar. Ƙarya a kan kuɗin ce ta jawo musu hukunci.

Abin da za mu iya gyarawa mu gyara. Abin da ya fi ƙarfinmu mu nuna shi da hannunmu, mu rage kuɗi daidai da shi. Mu gaya wa dillali tun da wuri kada ya yi rantsuwar ƙarya a madadinmu don la'adarsa. Sau da yawa mai sayen da aka nuna masa aibi ɗaya yakan amince da sauran maganar duka.

Takardu ma suna cikin abin da ake fara dubawa. A Nijeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna bisa amana, wanda yake riƙe da takardar shaidar mallaka kuwa sai da yardar gwamna zai mayar da ita ga wani. A shirya takardar, da rasit na wuta da ruwa. In gidan na gādo ne, sai dukan magāda sun yarda kafin a kira dillali. Annabi Irmiya, a sura 32, da ya sayi gona a Anatot a bakin shekel 17 na azurfa, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Mu ma a rubuta, a sa hannu gaban shaidu da mai unguwa.

Daren da za a zo, maigida da uwargida su zauna su shirya bakinsu ya zama ɗaya a kan kuɗi da abin da za a faɗa, su yi addu'a tare da yara. Yaran nan suna kallo, sun kuma san inda ɗakin yake yoyo.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.