Wa Ya Kamata Ya Zaɓi Gwarzon Wasa?

A shekarar 1981 ne aka fara buga mujallu biyu kan wasannin bidiyo, wato Electronic Games a Amurka, da Computer and Video Games a Ingila. Bill Kunkel da Arnie Katz, waɗanda suka kafa ta Amurka, tun 1980 suke raba lambar yabo ta Arkie. Ta Ingila kuwa sai ta fito da Golden Joystick, ta bar wa masu karatu zaɓi, suka ba Jetpac gwarzon wasan 1983.

Lalle wannan hanya ta biyu ita ta fi dacewa. Mujallun nan da kuɗin talla suke rayuwa, kuma masu tallan su ne kamfanonin da ake yi wa alƙalanci. Yaya edita zai kushe wasan wanda ya sayi bangon mujallarsa? Amma ɗalibin da ya tara kuɗin tararsa ya sayi wasa, ba ya jin nauyin kowa.

Da kasuwar wasanni ta karye a Amurka a 1983, talla ta ƙafe, Electronic Games ta canja suna a 1985, ta durƙushe. Ta Ingila ta daina fitowa a takarda a 2004, amma har yau jama'a na jefa ƙuri'ar Golden Joystick.