Ɗan Maƙeri da Matar Maigida

'Yar uwa, duk sanda aka ɗauke wuta kika sa a tayar da janareta, ko kika aika yarinya injin markaɗe, to aikin wani ɗan maƙeri kike mora. Sunansa Maikel Faraday, an haife shi a 1791 kusa da Landan, a gidan da abinci ma sai an yi dabara. Bokonsa bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai yana ɗinka su da rana, yana karanta su in an tashi aiki.

A 1812 ya saurari laccocin wani babban masani, Humphry Davy, ya rubuce su tsaf, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, a shekarar kuma suka fita zagayen Faransa da Italiya har wajen wata 18, tare da uwargidan Davy, Jane. To nan maganata take.

Baran da zai bi su ya fasa tafiya, sai aka ɗora wa Faraday hidimar, ita kuwa Jane ta samu abin takawa. A wajen keken doki yake zama su suna ciki, abinci kuma sai cikin barori, ga gori ga tsawa. Har ya rubuta wa abokinsa cewa yana tunanin komawa ɗinkin littafinsa ya huta. Haba! Me yaron nan ya tsare mata? Laifinsa ɗaya, ubansa maƙeri ne.

Da ya koma ɗin fa? A 1821 shi ya fara sa wutar lantarki ta juya waya a kewayen maganaɗisu, wato tushen abin da ke juya fankarki. A 1831 ya gano cewa in aka motsa maganaɗisu a cikin naɗaɗɗiyar waya, sai lantarki ya gudana a wayar. Janaretan ƙofar gidanki da manyan injinan madatsar Kainji duk a kan wannan suke tafiya, bambancin kawai fetur ke juya ɗaya, ruwa ke juya ɗaya.

Kada mu yi saurin zagin Baturiya, domin kuwa irinta na nan birjik a cikinmu. Ki duba yadda ake yi da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye: ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ke kwana a kicin, 'ya'yan gida su tafi makaranta ita ko allo ba a ba ta ba. Almajirin da ke mana aike, ƙanzo da ɗumamen da ya fara tsami ne rabonsa. In ɗan maƙeri ko ɗan mahauci ya zo neman aure, kafin a tambayi halinsa an tambayi asalinsa, kuma wallahi sau da yawa daga cikin gida maganar take fitowa, ba daga zaure ba.

Na san za ki ce ai ba kowane yaro ne Faraday ba. Gaskiya ne. Amma ita Jane ɗin ta san wanda ta bari a waje yana shan sanyi? Kuma ko da ya ƙare a mai ɗinkin littafi, wulaƙancin ya halatta ke nan?

Abin mamaki, wata Jane ɗin ce ta buɗe masa ido tun farko. Jane Marcet ta rubuta littafin kimiyyar haɗa sinadarai da harshe mai sauƙi, musamman don mata, ya faɗo hannunsa a shagon, ya dinga gwada abin da ke ciki da 'yan kuɗin da yake samu. Bayan ya shahara, har aka yi masa tayin shugabancin majalisar masana ta Ingila ya ƙi, bai daina kiranta malamarsa ta farko ba, yana kuma aika mata rubuce-rubucensa don godiya. Ya rasu a 1867, kuma daga 1991 zuwa 2001 hotonsa ne a bayan takardar fam 20 ta Ingila.