Tsadar Ragon Layya da Haihuwar Tumakinmu

A watan Mayu na 2025, gab da Babbar Salla, hukumar Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Da yake raguna masu yawa daga can suke shigo mana ta Maigatari da Jibiya, sai magidanta suka shiga zullumin abin layya. To, lalle wannan al'amari ishara ne, cewa lokaci ya yi da za mu dubi abin da ke ɗaure a turakunmu.

A ƙasar Dambatta da Bichi da Kunci gona ta haɗu da gona, makiyaya ta ƙuntata. Saboda haka ba mu da wurin ƙara garke, sai dai mu ƙara abin da kowace tunkiya take haifarwa, kuma ta raya shi. Tumakinmu 'Yankasa ba su da lokacin barbara ƙayyadadde, cikinsu kuwa wata 5 ne. Idan an kula da su, haihuwa 3 cikin shekara 2 mai yiwuwa ce. A Shika ta Zariya ma, masu binciken dabbobi sun gwada haihuwa 2 a shekara guda.

Amma tagwaye suna da sababi. Na farko, abinci kafin barbara. Tunkiyar da ta rame da bazara ɗa guda za ta ɗauka, in ma ta ɗauka. A ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da 'ya'yan gawo, da kanwa, mako 3 kafin a sakar mata rago. Na biyu, zaɓen iri. Ɗabi'armu ce mu kai ƙosasshen rago kasuwar Dambatta, mu bar ƙanƙane yana barbarar uwarsa da 'yan'uwansa, iri yana lalacewa. Kamata ya yi a riƙe 'ya'ya mata na mai tagwaye, a musanya rago da na wani ƙauye.

Sa'an nan ku sani, tagwayen da uwarsu ba ta da nono asara biyu ne. Wajibi ne a ƙosar da ita a mako 6 na ƙarshen ciki, a tabbata kowane ɗa ya sha dakashi ranar haihuwa, a ba da maganin tsutsar ciki da damina, a yi allurar rigakafin annobar tumaki da awaki wadda ake yi a Vom.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kiwo ta musamman. Muna roƙonta ta kawo allura da raguna nagari har ƙauyuka. Mu kuwa, tun daga kaka mu ɗaure harawa bisa itace, kada mu sayar da ita duka. Allah Ya sa albarka a turakunmu, amin. Wassalam.