Wanda Bai Taɓa Riƙe Allura Ba

Maganar da wani babban likita ya yi a gaban ɗalibai a garin nan, cewa masanin ƙididdiga ba shi da wani tasiri a sha'anin lafiya tunda bai taɓa warkar da ko mutum guda ba, ba ta cancanci a bar ta ta wuce ba, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba; ra'ayin ya yi kaka-gida a kwamitocin da ke raba kuɗin bincike da waɗanda ke ƙara wa malaman jami'a girma, inda ake auna mutum da yawan takardun da ya buga, a kira mai lissafi bayan an gama kome, a ce ya gyara alƙaluma, a sa sunansa can ƙarshen layi.

To, ina tambayar likita: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata na damina, wanda aka fara rabawa a jihar Katsina a 2013, wa ya tabbatar yana aiki? Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi a 2012 ba sai da gwaje-gwajen Sanagal da Mali da Burkina Faso suka nuna yana rage kamuwa da kimanin kashi uku cikin huɗu. Wannan adadi kuwa ba a ganinsa a gefen gadon majiyyaci. Yaron da magani ya fi saurin isa gare shi, sau da yawa shi ne na bakin hanya, mai gidan sauro, wanda uwarsa ta saba zuwa asibiti. In ya tsallake damina lafiya, raba tsakanin abin da magani ya yi da abin da halin gidansu ya yi ilimi ne mai zaman kansa, yana da ƙa'idoji da sharuɗɗa, yana kuma da ma'abotansa.

Austin Bradford Hill na Ingila bai karanta likitanci ba, tarin fuka ya hana shi. Amma shi ya tsara gwajin da aka buga a 1948, inda aka raba masu tarin fuka gida biyu ta hanyar ƙuri'a don a gane ko maganin streptomycin ne ke warkarwa. Shi ne kuma, tare da Richard Doll, ya nuna a 1950 alaƙar shan taba da sankarar huhu. Likitoci nawa ne suka ceci rayukan da wannan bawan Allah ya zama sanadin cetonsu? Ba ma baƙon abu ba ne gare mu: Abubakar al-Razi, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya yi wa wasu masu alamun sanƙarau tsagar fitar da jini, ya bar wasu da gangan don ya gwada, malaman usulul fiƙhu kuma sun daɗe da sanin cewa haɗuwar abu biyu ba hujja ce ta sababi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, likitan da ke raina mai tallar magani a tasha, mai lasifika bisa rufin mota da kwalabe jere a kan tabarma, yana rantsuwa wane ya sha ya warke, shi ma in an matsa masa hujjarsa ke nan: na ba marasa lafiyata, sun samu sauƙi. Waɗanda suka koma ƙauye suka rasu, babu mai lissafa su. Waɗanda da ma za su warke ko da ruwan randa suka sha, su ne ake kafa shaida da su.

Za a ce babu kuɗin ɗaukar masana ƙididdiga. Wannan ba uzuri ba ne da za a tsaya amsa shi ga mutanen da ba su taɓa rasa kuɗin taron bita a otal ba.

Kuma tunda an tono, a tona duka. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, yara kimanin 200 suka shiga, 11 suka rasu, ba a sasanta da gwamnatin Kano ba sai a 2009. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano bisa zargin tana hana haihuwa, cutar ta fantsama har Indonesiya. Tun daga lokacin 'yan bokonmu ke ɗora wa malaman addini laifin jahilci, alhali da uba ya zo da zarginsa ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa, da alƙaluman garinsa, yara nawa aka yi wa allura, nawa suka shanye, nawa suka girma suka haifu. Tsawa aka yi masa. Laifin nan na masu ilimin zamani ne kafin ya zama na kowa, kuma har yau ba su amsa shi ba.

Katsinar da ta fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ba ta dace da wannan raini ba. Ina kira ga jami'o'inmu da asibitocinmu kada su sake yarda da wani bincike a kan majiyyatanmu sai da masanin ƙididdiga a zaune tun ranar da aka fara tsara shi.