Dauriya Ba Ta Buɗe Huhu



Mu mutane ne masu yabon dauriya. Majinyaci ya cije leɓe, mu ce jarumi ne. A ganina wannan yabon yana cutar da wanda aka yi wa tiyatar zuciya.

A yawancin irin wannan aiki ana tsaga ƙashin ƙirji ne daga sama zuwa ƙasa, a gama, a ɗaure shi da waya. Duk numfashin da mutum ya ja sai wurin ya motsa. Saboda zafi sai ya riƙa jan numfashi sama-sama, ya ƙi yin tari. Majina ta taru, ƙasan huhu ya tsuke, nimoniya ta samu ƙofa.

An daɗe ana dogaro da magunguna irin su mofin. Suna aiki, amma suna zuwa da amai, da magagi, da taurin bayan gida, kuma idan suka yi yawa suna rage numfashin da ake son a ƙara. Allurar gadon baya kuwa likitoci na ɗari-ɗari da ita a nan, domin ana ba majinyaci hefarin don tsinka jini, kuma jini ya taru kusa da laka ba ƙaramin haɗari ba ne.

Shi ya sa nake goyon bayan allurar kashe jijiya. Likitan sa barci yana duba wurin da na'urar sikanin, ya zuba magani irin su bufibaken a gefen ƙashin ƙirji, inda jijiyoyin tsakanin haƙarƙari suke bi, ko a ƙarƙashin tsokar baya, hanyar da aka fara bayyanawa a 2016. Zafin ya ragu, mutum yana cikin hayyacinsa, ya yi tari, ya tashi zaune da wuri.

Kar a ɗauka tsafi ce. Allura ɗaya ba ta cika wuce yini ba, sai in an bar siririyar roba ana ƙara magani. Tana iya huda rigar huhu, kuma maganin na iya taɓa zuciya idan ya shiga jini da yawa. Sai ƙwararren hannu. Sau da yawa ma ana haɗa ta da farasitamol da ɗan mofin.

To, idan za a yi wa Baba ko Inna aiki, a gida ne ko a Indiya ko Masar, mukan tambayi kuɗi da ranar sallama. Mu ƙara da tambayar likita: me aka tanada don zafin bayan aiki? In nas ta ce Baba ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10, kar kunya ta sa ya ce 2 alhali 8 yake ji.