El Nino: Na'ura ta tsawaita wa'adin gargaɗi, saura shirin gwamnatoci

Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai, ruwan saman tekun Pasifik da ke yankin tsakiyar duniya kan ɗumama fiye da kima. Wannan shi ne El Nino, wanda ke jirkita tafiyar iska da damina a nahiyoyi da dama. Masana kan ayyana shi idan zafin wani yanki na tekun ya haura matsakaicinsa da rabin digiri na ma'aunin Salshiyos har tsawon watanni.

An daɗe ana hasashensa da manhajojin da ke lissafa motsin ruwa da iska, sai dai da wuya su hango abin da ya wuce shekara guda. Haka kuma hasashen da aka yi kafin watannin Maris zuwa Mayu yakan kauce, domin a lokacin alamomin tekun ke raunana.

A shekarar 2019, Yoo-Geun Ham na Koriya ta Kudu da abokan aikinsa biyu suka wallafa wani bincike a mujallar Nature. Sun horar da ƙirƙirarriyar basira da taswirorin zafin teku har ta koyi gane alamomin da ke gabatar El Nino. Da yake bayanan da aka auna ba su da yawa, sai suka fara ciyar da ita da sakamakon manhajojin yanayi, sannan da bayanan tarihi na 1871 zuwa 1973. Da aka gwada ta a kan shekarun 1984 zuwa 2017, ta yi hasashe mai inganci har na wata 17.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, daidai lokacin da hango El Nino ya fi wuya, kuma halin da Pasifik ke ciki na daga abubuwan da take dubawa. A yankin Sahel, El Nino kan zo da ƙarancin ruwan sama, ko da yake zafin tekun Atlantika ma na da tasiri.

To amma gargaɗi kaɗai ba ya cika rumbu. Hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da zuwan El Nino a watan Yunin 2023, watanni kafin shukar kudancin Afirka. Duk da haka fari ya cinye masara, har Zambiya da Malawi da Zimbabwe suka ayyana halin bala'i tsakanin Fabrairu da Afrilun 2024.

Amfanin wata 17 shi ne ya zarce tsawon shekarar kasafin kuɗi: akwai sararin tanadar hatsi, da raba iri mai saurin nuna, da gyara madatsun ruwa. Saboda haka tambayar da ta kamaci 'yan majalisa da gwamnoni ita ce: wane kaso na kasafi ne ake saki da zarar an fitar da hasashen fari, kuma wa ke da alhakin isar da labarin ga manomi cikin harshensa kafin ya yi shuka?